Kunnen Dillali: Nazari a Kan Aikin Al Coury a Cinikin Waƙoƙin Fim a Amurka

1.0 Gabatarwa

Galibin nazarin da akan yi a kan waƙa yakan tsaya ne a kan mawaƙi da abin da ya rera, wato jigo da salo da kari da amshi. Da wuya a ga manazarci ya waiwayi mutumin da ke tsakanin mawaƙi da mai sauraro, wanda shi ne yake zaɓar waƙar da za a fara fitarwa, da ranar da za a fitar da ita, da kuma ƙofar da za ta bi ta shiga kunnen jama'a. Alhali kuwa a ƙasashen da waƙa ta zama hajar kamfanoni, sau da yawa hukuncin wannan mutum shi ke raba waƙar da duniya za ta sani da wadda za ta mutu a ɗakin ajiya.

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba aikin ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane, wato Al Coury (1934 zuwa 2013), Ba'amurke ɗan asalin Labanan wanda ya yi aiki da kamfanonin faifai na Capitol da RSO da Geffen, ya kuma kafa nasa mai suna Network. Za mu bi diddigin hanyar da ya bi wajen tallata waƙa, musamman waƙoƙin fim, sa'an nan mu auna abin da wannan hanya ta haifar. Ra'ayinmu shi ne, Coury ya mallaki fasaha ta gaske wadda ta cancanci a yi nazarinta, amma ita wannan fasaha ta yi tasiri a kan ma'anar fina-finan da ta tallata, tana da iyakar da ba ta iya ƙetarewa, kuma ba kowane mawaƙin da ya bi ta hannunta ya ci moriyar guminsa ba.

2.0 Matsayin Mai Tallata Faifai

Kafin mu shiga tarihin mutumin, ya kamata mu fayyace irin aikin da ya yi. A zamanin da muke magana a kai, kamfanoni suna buga faifai iri biyu. Akwai ƙaramin faifai mai ɗauke da waƙa ɗaya a kowace fuska, akwai kuma babban faifai mai tattare da waƙoƙi kamar goma ko fiye. Riba mai kauri tana ga babban faifai, amma gidajen rediyo ƙaramin suka fi sakawa. Saboda haka ƙaramin faifai ya zama tamkar ɗanɗano da mai sayar da zuma yake lasa wa mai wucewa. Mujallar Billboard kuma tana fitar da jeri kowane mako, wanda yake nuna waƙoƙi ɗari da suka fi ciniki da yawan sakawa a rediyo, kuma da wannan jeri masu kantuna suke auna yawan kayan da za su saro.

Aikin mai tallata faifai shi ne ya zaga gidajen rediyo ya shawo kan masu tsara shirye-shirye su saka waƙar kamfaninsa. Idan muka nemi makamancinsa a al'adar da muka sani, za mu ce ya haɗa aikin dillali da na sanƙira: yana kai kaya inda za su sami mai saye, yana kuma ɗaga murya don a juyo a saurara. Sana'a ce wadda sunanta ya taɓa ɓaci, domin a shekarun 1959 da 1960 majalisar dokokin Amurka ta binciki cin hancin da ake bai wa masu saka faifai a rediyo, har aka yi dokar da ta haramta karɓar irin wannan kuɗi a ɓoye. Coury ya shiga kamfanin Capitol a 1957, wato gab da wannan bincike, ya fara daga zagayen gidajen rediyo na yankin arewa maso gabashin ƙasar, inda aka haife shi a garin Wusta ta jihar Masachuset, har ya kai matsayin mataimakin shugaban kamfani.

3.0 Shekarun Capitol: Fasahar Zaɓe

Misalai uku daga shekarun 1973 da 1974 sun isa su nuna irin kunnen da yake da shi. Na farko, ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila ta daɗe da daina fitar da ƙananan faya-fayai a ƙasarta, domin tana ganin aikinta dunƙule yake, ba a gutsure shi. Da babban faifansu The Dark Side of the Moon ya fito a 1973, Coury yana cikin waɗanda suka matsa a ciro waƙar “Money”, a rage tsawonta, a kai ta rediyo a Amurka. Waƙar ta kai ta 13 a jerin Billboard, ta kuma kai ƙungiyar ga masu sauraron da ba su taɓa jin sunanta ba.

Na biyu, faifan Band on the Run na Paul McCartney, wanda aka ɗauki yawancinsa a Legas a 1973, bai fara da ƙarfi a kasuwa ba. Coury ne ya ba da shawara a ƙara waƙar “Helen Wheels” a bugun Amurka, sa'an nan a fitar da “Jet” a ƙaramin faifai. Bayan haka faifan ya hau kan jeri a 1974, ya sauka, ya sake hawa. Na uku, daga faifan John Lennon mai suna Walls and Bridges, Coury ya zaɓi “Whatever Gets You thru the Night”, wadda shi kansa mawaƙin bai sa mata ran zuwa ko'ina ba. Ita ce kaɗai waƙar da Lennon ya yi bayan rabuwar Beatles da ta zo ta ɗaya a Amurka yana da rai.

Abin lura a nan shi ne, a duk misalan uku hukuncin dillali ya saɓa wa na mai kaya, kuma kasuwa ta gaskata dillali. Zaɓe irin wannan shi ma nazari ne, domin sai mutum ya saurari waƙoƙi goma ya gane wadda za ta kama kunnen direban da ke cikin mota kafin ya murɗa rediyo zuwa wata tasha. Sai dai ma'aunin wannan nazari guda ɗaya ne tak, wato saurin kama kunne. Bai damu da zurfin ma'ana ba, bai kuma damu da matsayin waƙar a cikin tsarin da mawaƙi ya gina ba. Wannan ƙarfi da wannan rauni su ne za su biyo shi zuwa harkar fim.

4.0 Waƙa Kafin Fim

A 1976 Coury ya zama shugaban kamfanin faifai na RSO, mallakar Robert Stigwood, mutumin Ostareliya wanda yake riƙe da ragamar harkokin ƙungiyar Bee Gees da Eric Clapton. Stigwood yana da ƙafa ɗaya a harkar waƙa, ɗaya a harkar fim, don haka abin da a da sai kamfanoni biyu sun zauna sun daidaita, yanzu ya koma ƙarƙashin rufi ɗaya.

Bai kamata a ce su suka ƙago cinikin waƙoƙin fim ba. Tun a 1955 fim ɗin Blackboard Jungle ya ɗaga waƙar “Rock Around the Clock”, faifan West Side Story ya yi mako 54 a kan jerin Billboard a farkon shekarun 1960, sa'an nan faya-fayan Shaft na Isaac Hayes a 1971 da Super Fly na Curtis Mayfield a 1972 sun yi ciniki mai yawa. Amma a yawancin waɗannan, faifai yana bin bayan fim ne ko yana tafe tare da shi: mutum ya je silima, ya ji daɗi, ya sayi faifai don tunawa. Abin da RSO ta yi shi ne ta tura waƙa gaba da watanni, bisa tsari, ta mai da gidajen rediyo masu shelar fim ba tare da an biya su kuɗin talla ba.

Jerin kwanakin ya nuna wannan a fili. An fitar da “How Deep Is Your Love” ta Bee Gees a Satumba 1977. Babban faifan Saturday Night Fever ya biyo baya a tsakiyar Nuwamba. Fim ɗin kansa, wanda John Badham ya ba da umarninsa, kamfanin Paramount kuma ya rarraba, bai shiga gidajen silima ba sai tsakiyar Disamba, a daidai lokacin da waƙar farko take gab da hawa kan jeri. Daga 24 ga Disamba 1977 zuwa tsakiyar Mayu 1978, waƙoƙi shida na RSO ne suka riƙa karɓar matsayi na ɗaya daga hannun juna, mako 21 a jere, huɗu daga cikinsu kuwa na wannan fim ne. Babban faifan ya yi mako 24 a kan jeri, ya kuma ci kyautar Grammy ta faifan shekara a 1979. Kowace waƙa da ta hau takan tura mutane silima, waɗanda suka fito daga silima kuma su wuce kantin faifai.

Aka sake bin wannan hanya da fim ɗin Grease. An fitar da “You're the One That I Want”, wadda John Travolta da Olivia Newton-John suka rera, tun a Maris 1978, fim ɗin kuwa sai a Yuni ya fito. Ita wannan waƙa ba ta cikin wasan dandamali na asali. An rubuta ta ne musamman domin fim. Haka ma waƙar taken fim ɗin, wadda Barry Gibb ya rubuta, Frankie Valli ya rera. Labarin Grease na ƙarshen shekarun 1950 ne, amma kiɗan waƙar take na 1978 ne, wato an auna ta da kunnen rediyon ranar, ba a auna ta da zamanin labarin ba. Duka biyun sun zo na ɗaya.

5.0 Abin da Waƙa Ta Yi wa Fim

A nan ne muke ganin ya kamata manazarci ya tsaya ya yi tambaya. Wanda ya san Saturday Night Fever ta hanyar faifai kawai zai ɗauka fim ne na rawa da annashuwa. Wanda ya kalle shi ya san labari ne mai ɗaci. Tony Manero saurayi ne ɗan shekara 19, jikan baƙin Italiya, yaron kantin fenti a unguwar Buruklin ta birnin Niyok, wanda ba shi da wata daraja a gida ko a wurin aiki sai a filin rawa daren Asabar. A cikin fim ɗin akwai faɗan ƙabilanci, akwai fyaɗe, akwai abokinsa da ya faɗo daga kan gada ya mutu. Har gasar rawar da Tony ya ci, shi da kansa ya gane son kai aka yi, ya ɗauki kyautar ya miƙa wa 'yan asalin Fotoriko da suka fi shi iyawa.

Waƙoƙin kuwa ba daga cikin wannan labari suka tsiro ba. Bee Gees sun tsara su ne a wani ɗakin ɗaukar murya a Faransa a farkon 1977, lokacin da suke shirin nasu faifan, ba tare da sun ga fim ɗin ba. Ana iya cewa haɗuwar ta yi kyau, domin zaƙin waƙa a kan ɗacin labari yana nuna abin da filin rawa yake nufi ga matashin da ba shi da mafita, kuma mun yarda da wannan a cikin gidan silima. Amma a rediyo an raba zaƙin da ɗacin, aka sayar da zaƙin shi kaɗai.

Hujjarmu mafi ƙarfi ita ce abin da ya faru a 1979. Da farko hukumar tace fina-finai ta sa fim ɗin a rukunin da yara ba sa shiga sai da babba. Amma yara da matasa su ne manyan masu sayen faifan. Sai aka yanke zage-zage da wuraren da suka yi tsanani, aka sake fitar da fim ɗin a rukuni mai sauƙi. Ke nan faifan da aka yi don ya tallata fim ya dawo ya sake wa fim ɗin kama don ya dace da shi.

Akwai kuma batun asalin kiɗan. Disko ya taso ne a farkon shekarun 1970 a gidajen rawa na baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da 'yan luwaɗi a Niyok da Filadelfiya. Faifan ya ƙunshi mawaƙa baƙaƙe kamar Tavares da Trammps da Kool & the Gang, amma hoton bangonsa na Bee Gees ne da Travolta. Ko rahoton mujallar New York na 1976 da aka gina fim ɗin a kansa, marubucinsa Nik Cohn ya fito bayan kusan shekara ashirin ya ce ƙirƙirarsa ya yi, kuma wani saurayi da ya sani a Landan ya kwatanta. Ba Coury ne ya tsara duk wannan ba, amma injin tallan da ya tuƙa shi ya kai wannan hoto kowane lungu, har ya zama shi ne fuskar disko a idon duniya.

6.0 Iyakar Talla

Wanda ya ga nasarorin 1978 zai iya zaton cewa duk abin da aka zuba a wannan inji zai fito zinariya. Watan Yuli na shekarar ya ƙaryata wannan zato. Stigwood ya fitar da fim ɗin Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band, inda Bee Gees da Peter Frampton suka sake rera waƙoƙin Beatles. Masu sharhi sun yi masa kaca-kaca, 'yan kallo kuma ba su je yadda aka zata ba. RSO ta riga ta tura miliyoyin faya-fayai kantuna bisa tsammanin irin cinikin baya. A ka'idar kasuwar faifai ta Amurka a lokacin, mai kanti yana da ikon mayar wa kamfani duk abin da bai sayar ba, don haka faifan da aka tura ba daidai yake da faifan da aka sayar ba. Kaya suka yi ta dawowa da yawan gaske, har abin ya zama misali a bakin 'yan kasuwar.

Darasin da ke nan a bayyane yake. Mutanen da suka yi aikin su ne dai na da, hanyar ita ce ta da, gidajen rediyon ma su ne. Abin da ya bambanta shi ne kayan. Dillali yana iya kai haja gaban mai saye da wuri, yana iya zaɓar mafi kyau daga cikin abin da aka ba shi, amma ba ya iya sa mutane su so abin da ba su so. A shekarar da ta biyo baya cinikin faifai ya faɗi a Amurka baki ɗaya, jama'a kuma suka gaji da disko, har a ranar 12 ga Yuli 1979 aka tarwatsa tarin faya-fayansa da nakiya a wani filin wasa a Shikago. Yawan cusa abu ɗaya a kunnen mutane, wanda shi ne sirrin nasarar RSO, yana cikin abin da ya jawo wannan ƙosawa. A 1980 Bee Gees suka kai Stigwood da kamfaninsa ƙara suna neman dala miliyan 200, kodayake daga baya an sasanta.

7.0 Rabon Riba

Tambaya ta ƙarshe ita ce ta kuɗi. Irene Cara ce ta rera waƙar taken fim ɗin Fame na 1980, wanda RSO ta fitar da faifansa, waƙar kuma ta ci kyautar Oscar. Da Coury ya kafa kamfanin Network a 1981, sai ya ɗauke ta. A 1983 ta rera “Flashdance... What a Feeling”, wadda Giorgio Moroder ya tsara kiɗanta, ita da Keith Forsey suka rubuta baitocinta. Waƙar ta yi mako shida a matsayi na ɗaya, ta kuma ci Oscar a 1984. A 1985 Cara ta shigar da ƙara tana zargin an danne mata kasonta na ciniki. Shari'ar ta ɗauki shekara takwas, sai a 1993 kotu a Kalifoniya ta yanke a biya ta dala miliyan ɗaya da rabi. A tsawon waɗannan shekaru tauraronta ya dusashe, ita kuma ta sha faɗin cewa kamfanoni sun juya mata baya ne saboda ta kai ƙara. Ta rasu a 2022.

Coury kuwa ya koma kamfanin Geffen a 1985 a matsayin babban manaja, inda ya sake nuna cewa kunnensa da nacinsa suna nan. Faifan farko na ƙungiyar Guns N' Roses ya fito a Yuli 1987 ya yi ta jan ƙafa, sai da aka yi ta matsa wa tashar MTV, Coury yana kan gaba, ta yarda ta nuna hoton waƙar “Welcome to the Jungle”. Faifan ya zo na ɗaya a Agusta 1988, fiye da shekara guda bayan fitowarsa. Wato a daidai lokacin da mawaƙiyar take zirga-zirgar kotu, dillalin yana kan ganiyarsa. Hausawa kan ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma duk nazarin da ya yabi fasahar talla ya tsallake wannan shafi, bai cika ba.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa aikin mai tallata waƙa ya cancanci a sa shi a ma'aunin nazari kamar yadda ake sa waƙar kanta. Mun ga cewa Al Coury ya iya zaɓe, ya iya auna lokaci, kuma tsarin tura waƙa gaban fim da shi da Stigwood suka ƙarfafa ya zama turbar da fina-finai irin su Footloose a 1984 da Top Gun a 1986 da Dirty Dancing a 1987 suka bi, musamman bayan buɗe MTV a 1981 ta ba su damar haɗa waƙa da gutsuren fim a allon talabijin. Mun kuma ga cewa wannan tsari yana iya rufe ma'anar fim da sautin waƙa, yana iya ɓoye waɗanda suka ƙago kiɗa a bayan fuskar da ta fi sayuwa, kuma ba shi da ƙarfin ceton kayan da ba su da kyau.

Shawararmu ga masu nazarin waƙar zamani, a kowane harshe take, ita ce su riƙa ƙara tambayoyi uku a kan waɗanda suka saba yi: wa ya zaɓi wannan waƙa daga cikin 'yan'uwanta, ta wace hanya ta iso kunnenmu, kuma nawa ne ya shiga aljihun wanda ya rera ta.